Gayyar Inuwa Kodineta a Gonar Goggo Hanne

Ranar Talata da hantsi, a tsakiyar watan Oktoba, Goggo Hanne ta dawo daga gonarta da tushen gyaɗa guda a hannu, ta nufi ƙofar gidan Mai unguwa Datti. A wannan ƙauye na mazaɓar Gafasa, nan maza ke zama. Da can benci ɗaya ne dogo a gindin darbejiya. Tun da kamfen ɗin zaɓen shugaban ƙasa ya ɗauki zafi aka sa kafinta ya raba shi biyu, 'yan jam'iyya mai alamar Tsani suka ja rabinsu gabas, 'yan jam'iyya mai alamar Fitila suka ja nasu yamma. Mai shayi ma sai da ya ware kofuna.

Goggo Hanne ta jefa tushen gyaɗar tsakanin bencin biyu.

Ta ce, “Ku duba. Gyaɗa ta nuna, ruwa ya ɗauke, ƙasa ta fara tauri. In aka ƙara sati, ganye za a ciro, 'ya'yan su zauna a ƙasa. Yaushe za ku yi mini gayyar?”

Tun rasuwar mijinta, duk shekara mutanen ƙauyen kan haɗu rana ɗaya su cire mata gyaɗa, ita kuma ta dafa musu dambu. Da gyaɗar nan take ci har wata damina.

Alhaji Badaru, jagoran 'yan Tsani, ya gyara zaman hularsa. “Hanne, mu a shirye muke. Amma ba zan sa yarana su sunkuya a kunya ɗaya da mutanen da suka yage mana fosta ba.”

Malam Abdulmumin, jagoran 'yan Fitila, ya amsa daga yamma. “Akuya ce ta cinye fostarku, Alhaji. Kowa ya gani.”

“Akuyar wa?”

“Akuya dai.”

“Akuyar ƙaninka ce, kuma kowa ya san ƙaninka ɗan Fitila ne. Me ya sa ba ta ci taku ba?”

“Ta ɗanɗana, ta ga ta masu mutunci ce.”

Ana cikin haka babur ya tsaya da ƙara. Inuwa ne, ɗan wan Goggo Hanne. Ya yi 'yan shekaru a Kano yana sayar da rigunan waya, ya dawo da baƙin tabarau da sunan Kodineta, wanda har yau ba a gano wanda ya naɗa shi ba.

Ya ce, “Goggo, daina ɓata yawunki. Ni a Kano na sha sasanta manya, waɗanda ko gaisawa ba sa yi sai ta waya. Asabar ɗin nan za ki ga Tsani da Fitila a gonarki, kafaɗa da kafaɗa. Ƙasar nan gaba ɗaya daga gonarki za ta koyi haɗin kai.”

Mai unguwa Datti ya dube shi ta saman gilashinsa. “Kai Inuwa, ni da furfurata na kasa haɗa su a benci ɗaya.”

“Allah ya ja zamanin Mai unguwa, furfura daban, ƙwaƙwalwa daban.”

Goggo Hanne ta ce, “To zo in zaga da kai ka ga iyakar gonar, don bayan kwarin nan yanzu...”

“Haba Goggo! Ni za a nuna wa gonar kakana? A can aka binne cibiyata.”

“Rabonka da ita tun kana satar ɗanyar gyaɗa. Ka tsaya ka ji, bayan kwarin...”

Ya murɗa babur ya yi gaba. Abin da Goggo take son gaya masa shi ne, wancan ɓangare na bayan kwari an sayar wa Alhaji Badaru tun Inuwa yana Kano.

Da yake ya san mutanen ƙauye ba za su saurare shi ba, sai ya nufi Gaya, ofishin matasan Tsani. Ya tarar da shugabansu, Hafizu, da yaransa sun kewaye soket ɗaya suna cajin waya.

Inuwa ya ce, “Ƙuri'un Gafasa a aljihuna suke. Na shirya muku gayya ta Tsani zalla. Ku taimaki tsohuwa, a ɗauka a bidiyo, ɗan takararku Baba mai Tsani ya gani da idonsa.”

Hafizu ya ce, “Akwai abinci?”

“Dambu har da nama.”

“Akwai sabis a wurin?”

“A kan kuka ma akwai.”

Suka ba shi riga mai hoton ɗan takararsu. Daga nan ya wuce Ajingi, wurin Musbahu shugaban matasan Fitila, ya maimaita jawabin nan kalma da kalma, sunan jam'iyya kawai ya sauya. Su ma suka ba shi tasu rigar.

Saura makaɗi, domin gayya ba ta tafiya babu gangar noma. Makaɗi ɗaya ya rage a yankin, Maikuɗi, wani gajeren dattijo mai ƙaton ciki. Inuwa ya zayyana masa dabarar. 'Yan Tsani za su yi aiki a wannan gefen kwari, 'yan Fitila a wancan. Tsakaninsu akwai dogayen gamba da gonar dawa, ba mai hango wani. Da azahar za a tara su a gindin bishiyar kuka, shi kuma Inuwa ya hau tudu ya bayyana musu cewa gona ɗaya suka yi wa aiki. Daga nan sai kuka da rungume-rungume.

Maikuɗi ya ce, “Ganga ɗaya gare ni, ni ma kuma mutum ɗaya ne.”

“Zan riƙa kai ka ina dawo da kai a babur. Ai kana da waƙar kowa.”

“Ina da ita. Kiɗan ɗaya ne, suna kawai nake canzawa. Amma ka sani, in na yi zafi ba na duba wanda ke gabana.”

“Ni zan riƙa dubawa. Aikin Kodineta ke nan.”

Ranar Asabar da sassafe 'yan Ajingi suka iso a bas, ƙarti majiya ƙarfi, kowa da garmarsa a kafaɗa. Inuwa ya zagaya da su ta bayan gari, ya tsallakar da su kwari, ya buɗe hannuwa.

“Ga gonar tsohuwar nan. Daga nan har inda idonku ya tsaya.”

Suka kafa tutocin Fitila a kusurwoyin gonar Alhaji Badaru, suka tofa yawu a hannu, suka sunkuya.

Rana ta ɗaga sosai kafin 'yan Gaya su iso cikin a-daidaita-sahu, da fararen takalma da turare. Fartanya biyu suka zo da ita, su duka. Inuwa yana sanye da rigunan biyu, ɗaya kan ɗaya. A cikin kwari yake tsayawa ya juya su, wadda ake bukata ta dawo sama.

Hafizu ya ɗaga waya. “Kodineta, nuna mana yadda ake yi, in ɗauka.”

Inuwa ya karɓi fartanya, ya ɗaga ta sama har bayan ƙeya, ya sauke da ƙarfi. Ta raba silifas ɗinsa biyu, ta wuce babban yatsansa da kaɗan.

Ya ce, “Wannan tsohon yayi ne, shi na fara nuna muku don ku guje shi. A zamanance da hannu ake fizga.”

Ya kama tushe ya fizga. Ganye ya taho, gyaɗar ta zauna a ƙasa. Ya ɗaga ganyen sama, aka yi tafi. Yaran Hafizu suka bazu cikin gonar Goggo Hanne suna fizga, ɗaya na fizga biyu na ɗaukarsa hoto. Maikuɗi ya buɗe baki zai yi magana, Inuwa ya ce masa kiɗa aka kawo shi yi.

Maikuɗi bai daɗe da fara kiɗan ba Inuwa ya ɗora shi a babur suka tsallaka. A can 'yan Ajingi sun riga sun ci kashi ɗaya cikin uku na gonar, gyaɗa jere a kan kunyoyi, 'ya'yanta na kallon rana.

Musbahu ya share gumi. “Kodineta, ka ce tsohuwa ce mara ƙarfi. Gonar nan ta sha takin zamani.”

“Ni nake kula da ita.”

“Allah ya saka. To wane kiɗa muke ji ɗazu daga can?”

“Masu korar tsuntsu ne a gonar dawa.”

“Da gangar noma?”

“Tsuntsayen bana sun waye. Gwangwani ba ya korarsu.”

A tsallakawa ta uku babur ya kafe cikin yashin kwari. Inuwa ya ba shi wuta, ya yi tsalle, Maikuɗi ya zame ta baya ya zauna daɓas, ganga ta gangara ta bar su.

Maikuɗi ya ce daga ƙasa, “Ɗan nan, ni ubanka na yi wa kiɗan aure, bai taɓa kayar da ni ba.”

“Tashi Baba Maikuɗi, tarihi muke kafawa.”

“Ƙuguna ka kafa a yashi.”

Suka turo babur suka fito ɓangaren 'yan Fitila. Maikuɗi, da haushi da zafin rana, ya rufe ido ya saki ganga. Garemani suka ɗauki sauri, ƙura ta tashi, shi ma ya yi zafi. Can sai ya ware murya: “Tsani! Tsani mai kai talaka sama! Fitila ta mutu ba kananzir!”

Garemani suka tsaya cak.

Musbahu ya miƙe a hankali. “Me ya ce?”

Inuwa ya taka ƙafar Maikuɗi. “Habaici yake musu. Ba ku san salon tsofaffi ba? Sai sun ɗaga mutum sama kafin su sake shi.”

“To ya sake shi mu ji.”

Maikuɗi ya buɗe ido ya ga tutoci, ya juya waƙar nan take, ya karya tsanin mataki-mataki har ƙasa. Aka yi shewa aka koma aiki, amma Musbahu ya bi babur ɗin da kallo har ya shige gamba.

Garin sauri Inuwa ya manta bai tsaya a kwari ba. Ya faɗo tsakiyar 'yan Gaya da hoton Baba mai Fitila shimfiɗe a ƙirjinsa.

Hafizu ya sauke waya. “Oga, mene ne wannan?”

Inuwa ya dubi ƙirjinsa. “Wannan? Ɗan leƙen asiri na kama a bayan dawa. Na tuɓe masa riga, na sa don ku ga shaida.”

“Ina yake?”

“Ya gudu tsirara.”

“Kawo mu ƙona ta!”

Suka tuɓe masa ita da kansu, suka ga tasu a ƙasa, suka ɗaga shi sama suna kiran sunansa. Rigar Fitila ta ci wuta a gaban waya goma. Yanzu riga ɗaya ta rage masa, kuma ba ta tsallaka kwari. Dole ya cire ta ya cusa a wando, ya koma wurin 'yan Ajingi ba riga, haƙarƙari a waje, tabarau a fuska.

Musbahu ya ce, “Ina rigarmu?”

“Wani tsoho ɗan Tsani ya sauya sheƙa yanzun nan, yana kuka. Na cire na ba shi.”

“Wannan da ke leƙowa daga wandonka fa?”

“Hankici ne.”

Kafin azahar labari ya isa ƙofar Mai unguwa cewa tutocin Fitila na kaɗawa a gonar Alhaji Badaru. Alhaji ya tashi ba takalmi, mutanensa suka bi shi da sanduna. 'Yan bencin yamma suka bi su don kada a yi babu su. A daidai lokacin Goggo Hanne ta fito da mata ɗauke da kwanonin dambu da tulunan kunu. Ƙauyen gaba ɗaya ya nufi gona.

Goggo ce ta fara isa tata. Ta ga ganye zube ko'ina, ta ga samari zaune a inuwa suna duba hotuna. Ta tona kunya ɗaya da yatsa, gyaɗa ta fito cunkus. Ta sauke kwanon da ke kanta a hankali.

“Wa ya koya muku wannan aikin?”

Hafizu ya ce, “Kodineta, Hajiya. A zamanance.”

Alhaji Badaru kuwa ya tsallaka kwari yana kiran a fito masa daga gona, sai ya tsaya. An cire gyaɗarsa tas, an jera ta kunya-kunya, aikin da ya yi sati yana ciniki da 'yan ƙwadago a kansa bai sallama ba.

Musbahu ya ce, “Baba, lafiya? Gonar wata tsohuwa ce muke taimaka wa.”

“Ni ne tsohuwar?”

“Kai wane ne?”

Malam Abdulmumin ya iso yana haki, dariya na neman kayar da shi. “Wannan shi ne shugaban Tsani na garin nan. Sannunku da aiki, 'yan'uwa. Alhaji, ka ga aikin Fitila tun ba mu hau mulki ba.”

Aka taru a gindin kuka, 'yan Gaya da 'yan Ajingi suna kallon rigunan juna, kowa na tambayar ina Kodineta. Inuwa ya ga lokacin jawabi ya yi, ko da bai zo yadda ya tsara ba. Ya haye wani suri da ke gefe, ba riga, silifas ɗaya, ya ɗaga hannu.

“'Yan'uwana 'yan Najeriya! Yau rana ce ta tarihi. Yau Tsani da Fitila sun yi gumi a gona ɗaya...”

Alhaji Badaru ya ce, “Gona biyu.”

“...a ƙasa ɗaya! Abin da manya suka kasa, ni Inuwa...”

Ya tsaya ya mari cinyarsa. Ya ci gaba, ya sake marin ɗaya cinyar. Cinnaku ne suka bi ƙafar wandonsa. Ya yi tsalle, rigar Tsani ta faɗo daga wandon a gaban Musbahu.

Musbahu ya ɗaga ta da bakin garma. “Hankicinka ya faɗi.”

Hafizu ya matso. “Kai, ba kai ka ce mana ƙuri'un Gafasa na aljihunka ba?”

Musbahu ya ce, “Mu ma haka ya ce mana.”

Goggo Hanne ta tafa hannu. “Waɗanne ƙuri'u? Ku tambaye shi nasa katin zaɓen. Lokacin rajista cewa ya yi bin layi ba girmansa ba ne. Ni da ciwon gwiwata na hau mota har Ajingi na yi, na koma na karɓo. Ga matan nan, kowacce da nata a ƙulle a bakin zane. Shi ko ƙuri'ar kansa ba shi da ita.”

Wata daga cikin matan ta rangaɗa guɗa. Inuwa ya diro daga surin yana sosa ko'ina, ya nufi babur, Goggo ta riga shi zare makullin.

“Goggo, ki bari in yi bayani. Dabarar ba ta ƙare ba, akwai mataki na biyu.”

“Gyaɗata fa? Tana mataki na nawa?”

Mai unguwa Datti ya buga sandarsa a ƙasa, aka yi shiru.

Ya ce, “Badaru, an yi maka gayya.”

“Allah ya ja zamaninka, ni ban gayyaci kowa ba.”

Musbahu ya ce, “To mu mayar maka da ita cikin ƙasa, Baba? Garemaninmu na nan.”

“Ban ce haka ba.”

Mai unguwa ya ce, “Tun kakanninmu, wanda aka yi wa gayya shi ke ciyarwa, shi ke ramawa. Baƙin nan don Hanne suka zo, ƙarfinsu ya ƙare a gonarka. Abincinsu na rana yana wuyanka. Aikin da suka yi maka kuma, kai da mutanenka za ku rama shi yau a gonar Hanne.”

Alhaji ya dubi gyaɗarsa a jere, ya dubi jama'a. “Dambun Hanne ba zai ishe su ba?”

“Dambun Hanne na masu aikin Hanne ne. Ai kana da raguna.”

Alhaji ya aika gida a kama ƙaramin, Mai unguwa ya ce babban. Sannan ya naɗe hannun riga, ya ari garma a hannun wani ɗan Fitila na Ajingi, ya shiga kunyar farko, mutanensa na biye.

Hafizu ya ɗaga waya. “Jama'a ku gani, Tsani kaɗai ke ceton gyaɗar tsohuwa!”

Malam Abdulmumin ya daina dariya. “Kaɗai? A garin nan? Kai Musbahu, ba ni garmar nan.” Ya juya ga mutanensa. “Ku shiga! Duk wanda ya bari ɗan Tsani ya riga shi kai ƙarshen kunya, kada ya zauna mini a benci.”

Suka shiga, kunya ɗaya Tsani, ta kusa da ita Fitila, domin haka garemanin 'yan Ajingi suka faɗo musu a hannu. Maikuɗi ya rataya ganga ya dubi Goggo.

“Hanne, wa zan yi wa? Na gaji da shan wahala.”

“Ka yi wa mai garma. Wanda ya riga kai ƙarshe, kira sunan ubansa.”

Ganga ta tashi. Alhaji Badaru da Malam Abdulmumin suka tafi kunya da kunya, suna haki suna musu.

“Ɗan takararku ko hanya ɗaya bai taɓa yi ba.”

“Naku ya yi, ta tsaya a ƙofar gidan surukinsa. Matsa, kana zubo mini ƙasa.”

“Ranar zaɓe za ka gani.”

“Zan gani, ina gabanka a layi. Miƙo ruwan nan.”

'Yan Gaya ma, da matan suka fara yi musu dariyar fararen takalma, suka tuɓe su suka shiga kwasar gyaɗa suna jerawa. Inuwa ya gwada tsayawa a bakin gona yana nuna inda za a bi, Goggo ta miƙa masa ƙwarya da ƙaramar fartanya, ta nuna masa kunyoyin da aka fizge wa ganye da safe.

“Waɗannan naka ne. Ɗaya-ɗaya za ka tono su.”

“Goggo, Kodineta guda?”

“Sunkuya.”

Kafin la'asar sakaliya an cire sauran gyaɗar Goggo Hanne gaba ɗaya. 'Yan Ajingi suka cinye ragon Alhaji Badaru, sauran jama'a suka ci dambu a kwano ɗaya, baƙi suka hau motocinsu. Inuwa ya kai har Juma'a yana tonon kunyoyinsa, ya cika buhu ɗaya da rabi. Ranar da ya kai buhunan gida Goggo Hanne ta ba shi makullin babur ɗinsa.